Ciyaman, ina motar?

Shekara 6 na yi ina shugabancin kwamitin neman kwalta na layinmu, can ƙasan Fadamar Mada. Ba zaɓe aka yi ba. A taron farko ni kaɗai ne mai mota, ni ne kuma na iya rubuta wasiƙar da ke farawa da "Ranka ya daɗe" ta ƙare da "Naka mai biyayya". Shi ke nan aka ce Ciyaman, sunan ya bi ni har sahun masallaci.

Layin namu a lokacin rafi ne da aka yi wa gidaje a gefe. Da rani ƙura, da damina kuwa, musamman a watan Agusta, duk ruwan da ya rasa wurin zuwa a Bauchi ta ƙofar gidajenmu yake bi. Mun kai wasiƙa ofis-ofis har takalmana suka san hanya. Nan a ce lungun unguwa na ƙaramar hukuma ne, can a ce ƙaramar hukuma ina ta ga kuɗin kwalta, sai dai jiha. Wani ma'aikaci har zaunar da ni ya yi ya ba ni darasi: titin Jos na tarayya ne, manyan titunan cikin gari na jiha, lunguna na ƙaramar hukuma. Na ce, "To namu fa, Yallaɓai?" Ya ce, "Naku na Allah ne tukuna."

Rannan sai ga mutane da awo da gwangwanin jan fenti. Suka shafa wa dakalin Liman, suka shafa wa rumfar mai shayi. Bayan sati 3, an idar da sallar isha'i, Mai Unguwa ya miƙe ya ce duk mai abin hawa ya fitar da shi daga gida a daren nan, gobe katafila za ta fara haƙa lambatu.

Nan fa na gyara zama. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni da na yi shekara 6 ina bin maganar nan, ai na san goben gwamnati. Goben nan sai bayan babbar Sallah." Aka yi dariya, na ji daɗi. Maƙwabcina tela ya tura babur ɗinsa gidan ƙaninsa a daren, ni kuwa ina kallonsa ina tausaya masa ƙarancin sanin duniya.

Barcin bayan asuba nake yi na ji ƙasa na rawa. Kafin in lalubi hula, in tuna aljihun rigar da makulli yake, in buɗe ƙyauren gareji, an gama da ni. Rami ne tun daga kan kwana har ƙofar gidan Liman, zurfinsa ya kai mini ƙugu, faɗinsa sai matashi mai ƙoshin lafiya zai tsallake. Tsohuwar Golf ɗina tana ciki tana kallona, ni ma ina kallonta. Mai tuƙa katafilar ya leƙo ya ce, "Alhaji, ba a sanar da ku ba ne?" Tela na tsaye a tsallake da buta a hannu. Bai ce komai ba, kuma da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

Ko Sarki Yakubu da ya kewaye Bauchi da ganuwa ya bar wa mutane Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Jahun da sauransu. Ni tawa ganuwar ko kafar ɓera babu.

Mai kula da leburori ya ce in kwantar da hankalina, sati 2 za a zuba kankare a ɗora murfi a kowace ƙofa. Sati 2 ya cika, ruwa ya sauka, ramin ya cika shi ma. Sai katafila ta tafi, wai ana jiran a saki kuɗi. Muka shimfiɗa katako ɗaya muna bi kamar siraɗi.

Motar ba ta zauna banza ba. Uwargida ta fara shanya kuɓewa da barkono a kanta. Da na yi magana ta ce, "Malam, tunda ba ta zuwa ko'ina, ai sai ta kama aikin gida." Kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Autana kullum yana ciki yana murza sitiyari, shi kam ya je Azare ya dawo ba adadi.

Ni kuma na koma keke napep. Tun da aka hana acaɓa a 2020, lokacin korona, keken ya cika gari, amma ni daga cikin mota nake saninsa, abin da nake danna wa hon ke nan. Yanzu na san shi ta ciki. Kujerar baya ta mutum 3 ce a wurin wanda ya ƙera, a wurin direba kuwa ya danganta da ƙibar fasinja. Akwai kuma kujerar gaba, wadda ba kujera ba ce, gefen direba ne da zai sam maka ka ɗora rabin jiki, sauran rabin yana waje yana gaisawa da jama'a. A nan na zauna ranar da na sa babbar riga mai sitaci. Ga aikin gadar sama ta Wunti ya sa ana ta zagaye ta lunguna, kowane rami muka faɗa sai direba ya ce, "Baba, riƙe da kyau." Me zan riƙe? Shi na riƙe.

Direban nan tun daga unguwa har kasuwa yana zagin masu mota: su ne matsalar garin nan, kowa ya tsaya inda ya ga dama ya kulle ya shige kasuwa, titin mota 2 ya koma na akuya. Na ce, "Wallahi kuwa, ɗana, ba su da tsoron Allah." Wurin da ya nuna da baki yana tsaki, daidai nan na saba ajiye tawa.

Abin da ban so a gane ba, uwargida ta gane: tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu, 2023, ba a taɓa ganin nama a miyarmu a kai a kai kamar na kwanakin nan ba.

A kwana na 47 aka sa ɗaurin auren ƙanwar matata a Dass. Ciyaman guda ya sauka a gidan surukai daga motar haya? Na je kasuwar Muda Lawal na sayo katako masu kauri, kafinta ya haɗa gada, ya rantse tifa ma za ta hau. Na murza makulli, shiru, batir ya daɗe da rasuwa. Aka tara samarin layi su tura. Yara suka cika bakin rami, mata na leƙe ta katanga, Liman ya zo da carbinsa ya tsaya daga nesa kaɗan.

Tayoyin gaba suka haye lafiya. Har na fara murmushi sai na ji ƙaƙas! Tayar baya ta dama ta nutse, motar ta durƙusa kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya, ni ina ciki ina salati da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Kafinta ya ce katakon ne ɗanye. Samari 12 suka shiga ramin suka ɗaga bayanta suka dire a tsallake. Salansa dai ta zauna a lambatu. Da aka samu motar ta tashi, ƙararta ta fi ta katafila, haka na shiga Dass, tun daga nesa surukai suka san na iso.

Bayan kwana 4 ɗan kwangila ya dawo.

Aka zuba kankare, aka ɗora murfi, aka jibge burji, aka malala kwalta baƙa wuluk, gwanin sha'awa. Sai dai titin ya fi daɓen garejina tsawo da kamu guda. Na gwada shiga, cikin motar ya daki gefen murfin, ta tsaya tana lilo. Na ajiye ta a ƙofar gida, washegari wasu masu kaki suka ƙwanƙwasa suka ce nan titin gwamnati ne, ba wurin ajiye mota ba. Na so in ce musu ni na nemo titin, sai na ga ɗayan yana kallon tayata.

Yanzu a gidan mai na bakin babban titi take kwana, ina ba maigadi na goro duk wata. Kullum da safe mai keke yakan ɗauke ni daga ƙofar gida, tunda yanzu har rububin shigowa layin suke yi, ya kai ni wurin motata.

Shekaranjiya Mai Unguwa ya yi sallama. Ya ce masu babura sun mai da layin filin tsere, yara na cikin haɗari, ana so a kafa kwamitin neman a yi tudun rage gudu, kuma jama'a sun ce ba wanda ya san hanyar ofisoshin nan kamar Ciyaman. Na buɗe baki ke nan sai muryar uwargida daga bayan labule: "Ranka ya daɗe, a yi masa haƙuri, ya fara shigo da motar tukuna."