Rutin ba ya kawo data kyauta

A rumfunan cajin waya ranar kasuwar Wudil, za ka ji ana cewa in an yi wa waya rutin, wato an cire takunkumin da kamfanin da ya ƙera ta ya sa wa tsarinta, data ta zama kyauta, sabis kuma ya ƙaru. Ba haka ba ne. Kamfanin layi ke lissafin data a wurinsa, ƙarfin sabis kuwa ya danganta da nisanka da eriya.

Rutin cikakken iko yake ba ka a kan Android, har ka goge manhajojin da suka zo da wayar suna cinye wuri. Sai dai galibi sai an fara buɗe butloda, wato manhajar da ke tayar da wayar in an kunna ta, buɗewar kuma tana share komai, har hotunan biki. Manhajar banki na iya ƙin buɗewa. In kuwa wajen yin rutin aka ɗora wa wayar fayil ɗin wata wayar daban, sai ta maƙale a kan tambarin kamfani, ta yi ta kashe kanta tana kunnawa.