Kafin a lanƙwasa jiki: abin da na tarar a Pune

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Pune, cikin jihar Maharashtra ta Indiya, kuma da wuya in yi waya da gida wani bai tambaye ni ko na fara "lanƙwashe-lanƙwashen nan na Indiyawa", wato yoga, ba. Abin da waya ke nuna mana ke nan: mutum a kan shimfiɗar roba, ƙafa ta zagaya bayan wuya. Ni ma da wannan hoton na sauka. Garin kuwa cibiya ce ta harkar, domin a nan shahararren malamin yoga B.K.S. Iyengar ya buɗe makarantarsa a 1975, kuma har gobe Turawa na yin takakkiya su zo koyo.

Wanda ya gyara mini fahimta wani dattijo ne maƙwabcina, tsohon malamin makaranta. Wata rana ya tambaye ni: a tsammanina, cikin littafin da ke tushen falsafar yoga, na Patanjali, wani malamin Indiya na zamanin da, jimla nawa ce ta yi magana a kan tsayuwa da zaman jiki? Littafin gajerun jimloli ne 195, wasu kwafin 196, a babi huɗu, kuma ya haura shekara 1,500 da rubutawa. Na ce ko rabi. Ya ce uku ne kacal. Abin da suka nema kuma bai wuce zaman ya kasance tabbatacce, mai daɗi ba. Ita kanta kalmar asana ma'anarta ta asali wurin zama ce. Yawancin salon da ake ɗauka a bidiyo daga baya suka bunƙasa, musamman ta hannun Krishnamacharya, wanda ya koyar a birnin Mysore na kudancin Indiya a shekarun 1930, kuma Iyengar ɗalibinsa ne.

To mene ne yoga a wurin Patanjali? Tun a jimla ta biyu ya faɗa: dakatar da kai-komon zuciya. Sai ya shimfiɗa hanya mai gaɓa takwas, kuma a nan ne abin ya kama ni, domin jiki sai a gaɓa ta uku ya shigo. Ta farko, yama, ba ta da alaƙa da shimfiɗa ko kaɗan. Tsakaninka da mutane ce. Kada ka cutar da mai rai, ka faɗi gaskiya, kada ka ɗauki abin da ba naka ba, ka kame sha'awarka, kada ka yi ta tara abin da ya fi ƙarfin buƙatarka. Ta biyu, niyama, tsakaninka da kanka: tsarki, wadatar zuci, jure wahalar horo, nazari, da miƙa wuya ga wanda suke kira Ishvara, wato ubangiji a harshensu. Abu goma ke nan kafin a ce maka zauna. Ɗan kasuwar da ke tauye mudu, in ya iya tsayuwa a kan kansa na awa guda, a ma'aunin wannan littafi bai taka matakin farko ba.

Da dattijon ke lissafo waɗannan, zauren kakana a Kano ne ya faɗo mini. Kakana ɗan Tijjaniyya ne, kuma na sha ganin samari sun zo neman a ba su wuridi. Ba ya gaggawa. Sai ya tambayi yadda sallarka take, ko kana samun jam'i, da yadda kake da iyayenka, domin waɗannan suna cikin sharuɗɗan ɗariƙar. Wanda ya zo da ɗokin shiga halwa alhali uwarsa na fushi da shi, gida ake mayar da shi. A makarantar allo ma ladabi ake fara koya maka kafin ka wanke allon farko. Wannan tsari na hali kafin sirri ba baƙonmu ba ne, kuma raina yana sosuwa in na ga yadda muke sakinsa. Yau yaro zai saurari karatu uku a waya ya fara yanke wa malamai hukunci, kamar yadda baƙo zai yi wata guda a Rishikesh, garin makarantun yoga a arewacin Indiya, ya koma ƙasarsa da takardar shaidar koyar da yoga. Ciwon ɗaya ne: kowa na son hawa bishiya ta ganye.

Bayan zama sai pranayama, wato sarrafa numfashi, shiga da fita da riƙewa. Sai pratyahara, janye ido da kunne da sauran gaɓoɓin ji daga abin da ke jan su, yadda kunkuru ke mayar da kai da ƙafafu cikin ƙoƙonsa. Ukun ƙarshe abu ɗaya ne da ke ƙara zurfi. Dharana shi ne ka ɗaure hankali a wuri guda, yana kuɓucewa kana dawo da shi. In ya daina kuɓucewa, ya zuba ba yankewa kamar mai daga bakin kwalba, ya zama dhyana. In mai kallon ya manta da kansa, abin da ake kallo kaɗai ya rage, shi ne samadhi. Duk wanda ya taɓa kabbara salla ya tsinci kansa a kasuwa kafin ya kai ruku'u ya san girman aikin da ake magana a kai.

Amma kada kowa ya ɗauka ina cewa hanyar ɗaya ce da tamu. Ba ɗaya ba ce, kuma ba adalci ba ne ga ɓangarorin biyu a ce haka. Patanjali ya ginu ne a kan falsafar Samkhya, wadda ta raba samuwa gida biyu: purusha, ruhi mai kallo kawai, da prakriti, wato duk abin da ke motsi yana sauyawa, har da tunani. Wahalar ɗan Adam a wurinsu ta samo asali ne daga rikita waɗannan biyun, kuma ƙarshen tafiya, kaivalya, shi ne ruhin ya keɓe shi kaɗai. Ishvara ɗin ma ruhi ne na musamman a littafin, ba a siffanta shi da Mahalicci mai hisabi ba. Kakana kuwa bai taɓa neman keɓewa ba. Abin da yake nema shi ne ya zama bawa na gaske, Ubangijinsa Ya yarda da shi. Shi ya sa ba na furta Om, sautin da mabiya addinin Hindu ke tsarkakewa, ba na yin gaisuwar rana da suke kira surya namaskar. Musulmin Indiya ma sun yi ja a kanta a 2015, shekarar da aka fara bikin ranar yoga ta duniya a 21 ga Yuni.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muke yanke hukunci a gida ba tare da sanin abin ba. Wani ya ce motsa jiki ne kawai, wani ya ce tsafi ne tsantsa, kuma dukansu hoton waya suka gani. Magabata ba haka suka yi ba. A ƙarni na 11 malami Albiruni ya koyi Sanskrit, tsohon harshen littattafan Indiya, ya fassara wannan littafi na Patanjali zuwa Larabci, yana Musulminsa, domin ya san abin da mutanen ke faɗa daga bakinsu.

Kwanan baya dattijon ya leƙo ya same ni bayan la'asar, na harɗe ƙafa a kan darduma ina lazimi. Ya jira har na shafa, sannan ya tambayi tun yaushe na iya irin wannan zaman. Na ce tun ina ɗan shekara biyar a gaban allo, a kan buzu. Ya ce akwai baƙin da ke shafe watanni a garin nan gwiwarsu ba ta taɓa ƙasa ba. Daga nan ya tambaye ni, a cikin istigfari ɗari da na ja, nawa ne zuciyata ta halarta. Na tsaya na lissafa da gaske, na ce masa ba su kai ashirin ba.