Yadda ake sa ɗan sakandare ya tuhumi littafi a Amurka

A yawancin makarantun sakandaren Amurka, aji na 11 shi ne shekarar adabin ƙasar. Yara 'yan shekara 16 zuwa 17, sa'o'in 'yan SS2 a wajenmu, suna shafe shekarar suna bin marubutan ƙasarsu tun daga zamanin Turawan farko da suka sauka gaɓar gabas har zuwa yau. Babu wata manhaja guda da ake aiko wa kowa daga Washinton. Jiha tana tsara abin da take so yaro ya iya, gunduma da malamai su zaɓi littattafai. Duk da haka akwai waɗanda za ka tarar kusan ko'ina: The Great Gatsby na Fitzgerald (1925), wasan kwaikwayon Arthur Miller The Crucible (1953), da tarihin rayuwar Frederick Douglass da ya rubuta da hannunsa a 1845.

'Yata tana wannan ajin bana, kuma abin da nake gani a teburin falo ya hana ni sakat. Ra'ayina shi ne, ba da kyawun littattafai suka fi mu ba. Sun fi mu da irin tambayar da suke yi wa yaro.

Ɗauki littafin Douglass. An haife shi bawa a Maryland, ya tsere a 1838. A ciki ya ba da labarin yadda uwargijiyarsa a Baltimore ta fara koya masa baƙaƙe, sai mijinta ya hana, yana cewa karatu zai lalata bawa ya daina amfani. Daga jin haka yaron ya gane inda ƙofar 'yanci take. Ya riƙa ɗaukar burodi daga gida yana ba 'ya'yan talakawan Turawa a titi, su kuma su ƙara masa darasi. Kwafin 'yata ya yi kaca-kaca da fensir: an ja layi a nan, an sa alamar tambaya a can, ƙananan takardu masu launi sun leƙo ta gefe. Aikin da aka ba su shi ne su rubuta shafi uku a kan ko Douglass yana ganin bautar da mutane ta lalata ubangijin bawa kamar yadda ta lalata bawan. Malamar ba ta gaya musu amsa ba. Sharaɗinta ɗaya ne, duk abin da ka faɗa ka kawo shafi da layin da ka dogara da shi. Wata rana kuma ana jera kujeru a kewaye, yara su yi ta musu da juna, ita tana gefe tana rubuta wanda ya kawo hujja da wanda ya yi surutu kawai.

Ni a tawa sakandaren a gida, mun yi adabin Hausa da na Turanci, kuma ba na raina malamanmu, Allah Ya saka musu. Amma hanyar ɗaya ce. Malam ya tsaya gaban allo ya shifta mana jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Mu kwafe, mu haddace, mu juye wa WAEC ko NECO. Littafi ɗaya mutum huɗu ko biyar ke leƙawa, da yawanmu kuma ba su taɓa kai ƙarshensa ba, ƙaramin ɗan littafin taƙaitawa da tambayoyin shekarun baya sun wadatar. Jigon littafi abu ne da yake hannun malam. Ka ce kai ba haka ka gani ba? Wannan rashin kunya ne.

Abin da ya fi taɓa ni ya zo ne da dare, tana tsakiyar rubutun nan, ta ɗago ta ce, "Baba, mu a ƙasar Hausa an yi bayi?" Na ce an yi, ƙwarai kuwa, har muna da littafi a kai. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutun da Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara, ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labarin yaro ne da aka sace, ya bi ayari ya ƙetare Sahara, uwarsa ta fita nemansa ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane. An buga shi a 1934, dokar da ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya kuwa sai a 1936 ta zo. Wato lokacin da Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta ɗan Bauchi, ke rubutu, akwai mutane a raye a gidajen sarauta da rinji waɗanda aka kamo da igiya. Mun karanta littafin, mun haddace cewa darasinsa haƙuri ne da yarda da ƙaddara. Ba wanda ya taɓa tambayarmu: su wa suka yi samamen? Wa ya saya? Me ya sa Umar ya sami ilimi da daraja, uwarsa ta ƙare a wahala, kuma marubucin yana so mu ji yaya game da haka? Littafin yana ɗauke da waɗannan tambayoyi a cikinsa, mu ne aka koya wa wucewa ta gefensu.

The Crucible ma haka. Labarin shari'ar maita ce ta garin Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19 bisa zargin da wasu 'yan mata suka yi musu, Miller kuma ya rubuta shi ne lokacin da Sanata McCarthy ke farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. Duk wanda ya tashi a garin da aka taɓa nuna wata tsohuwa aka ce ta kama kurwar yaro, zai fahimci wasan nan fiye da ɗan Ohio.

Ba ina cewa komai nasu daidai ba ne. Yaran nan ba su da hadda ko kaɗan. 'Yata ba za ta iya rero maka baiti goma na wani mawaƙin Amurka da ka ba, alhali ni har yau baitocin Imfiraji na Aliyu Namangi suna bakina, kuma a ranakun kewa su suke riƙe ni. Wannan dukiya ce da bai kamata mu zubar ba. Su ma suna da masu zamba, masu karanta taƙaitawa a shafin intanet na SparkNotes ko su sa ChatGPT ya rubuta musu. Sannan rigimar cire littattafai daga ɗakunan karatun makarantu ta yi ƙamari a jihohi irin su Florida da Texas, har littattafan Toni Morrison, wadda ta ci kyautar Nobel a 1993, ba su tsira ba. A matsayina na uba Musulmi, akwai shafukan da ni ma na so a jinkirta wa yara su. Amma ko wannan rigimar, a taron hukumar makarantu ake yinta a bainar jama'a, iyaye na ɗaga littafi suna karanto layin da ya dame su.

Na san abin da malamin gida zai ce mini: ajina yara ɗari ne, albashi ba ya kai ƙarshen wata, wa zai duba shafi uku-uku? Gaskiyarsa ne. Shi ya sa nake ganin gyaran daga masu tsara jarrabawa zai fara, domin malami abin da za a tambaya yake koyarwa. A bar tambayar jigo da salo yadda take, amma a ƙara guda ɗaya mai maki mai tsoka: a buga sakin layi daga littafin a takardar jarrabawa, a ce wa yaro ya faɗi matsayinsa a kan abin da wani tauraro ya aikata, ya kare shi da kalmomin da ke gabansa. Ɗalibi biyu su saɓa wa juna kuma duka su ci maki, in dai kowa ya kawo hujja. Malamin da ke da yara ɗari zai iya gwada wannan da baki sau ɗaya a mako, ya raba aji gida biyu a kan hukuncin da uwar Umar ta yanke na barin gida ita kaɗai, ya ce kowane ɓangare ya buɗe littafin ya nuna masa wurin.