Ina matansa na baya suka shiga?

Wallahi jiya raina ya ɓaci. Ƙannena na ji suna hirar tatsuniyar nan ta Faransa ta attajiri Mai Shuɗin Gemu, bakinsu ɗaya wai laifin amarya ne, mijin ya ba ta mukulli ya ce kar ta buɗe wani ɗaki ta buɗe. Haba jama'a! Mutum ya yanka matansa ya jera gawarwakinsu a jikin bango, ku kuma mukulli ne ya tsone muku ido?

Ku koma farkon labarin yadda marubucin Faransa Charles Perrault ya buga shi a 1697. Kowa ya san mutumin nan ya sha aure, ba kuma wanda ya san inda matan suka shiga, 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, da ya nemi auren ɗayarsu ma da farko ƙin sa suka yi. Sai ya kwashe su da uwarsu da ƙawayensu zuwa gidansa na ƙauye, kwana 8 ana ci ana sha ana rawa, ga kwanukan zinare ga keken doki, kafin a watse ƙaramar ta fara ganin ai gemun ma bai yi shuɗi can-can ba. Uwa tana zaune ta yi gum! Ba wanda ya buɗi baki ya tambayi ina na baya suke. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ba kwaɗayi ba wulaƙanci.

Shi kansa Perrault a ƙarshe son ganin ƙwaƙwaf ya fara zargi, sai daga baya irin su marubuciyar Ingila Angela Carter a 1979 suka juya labarin, uwar ce ta sukwano kan doki da bindiga ta ceci 'yarta. Kar ma ku ce tatsuniya ce kawai. Wani Bafaranshe mai suna Landru ya riƙa sa tallar neman aure a jaridun Faris lokacin yaƙin duniya na farko yana farautar zawarawa masu ɗan abin hannu, kotu ta same shi da kisan mutum 11, aka sare masa kai a 1922.

To mu yau ina bambancin? Mutum ya saki uku, ɗaya da karayar hannu ta fita, amma da ya faka mota a ƙofar gida an gama magana, sai lissafin akwatunan lefe da hotunan kafin biki, wannan bidi'ar da ake cin bashi a kanta, ita ma Allah Ya shirye mu. Kai kuma yaya ko kawu ka karɓi 'yan kuɗin mai ka haɗiye tambayarka. Ita amaryar can ta labarin Perrault 'yan'uwanta maza 2 sun iso kan lokaci sun cece ta, taku fa?

Ku yi bincike don Allah, ku ji tsoron Allah. Da can dattijo zai taka har unguwar manemi ya zauna da maƙwabta da abokan kasuwarsa, a aika tsohuwa ta ji ta bakin matar da ya saka, sai a yi wata ana wannan ba a karɓi ko goro ba. Yanzu wanda ya kawo zancen ma mahassadi ake kiransa, har a daina gaishe shi.