Ranar da Aka Taya Fitsarina

Hawan jini ne ya fara leƙo ni, likita ya ce sai ya duba ƙodata tukuna. Aka ɗebi jini, sannan wata ma'aikaciya ta miƙo mini farar jarka. Ta ce, "Baba, na farko gobe da asuba ka zubar. Daga nan duk wanda ya zo, a nan za ka yi har asubar jibi. Ko ɗigo kada ya ɓata." Baban da ta kira ni ya fi jarkar ɓata mini rai.

Na ce wa likita ɗan kwalba ba zai isa ba? Ya ce saurin tacewar yake son aunawa. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, su biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180 a kullum, amma kashi 99 cikin 100 suna mayar wa jiki, abin da ke fita bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Akwai wani datti da tsoka ke fitarwa, kiriyatinin, wanda ƙoda ba ta mayarwa. In aka gwada na jarka da na jini, sai a san mililita nawa take tacewa a minti, mai lafiya daga 90 zuwa sama. Ya ce jijiyar da ke kai jini cikin matatar tana tsukewa in jini ya hau, ta saki in ya sauka, don kada aikin ya riƙa hawa da sauka, sai dai hawan jini na shekara da shekaru yana gajiyar da ita. Na gyaɗa kai, hankalina na kan inda zan ɓoye jarka.

An ce a ajiye ta wuri mai sanyi. Uwargida ta tsaya a gaban firji ta riƙe ƙugu. "Maigida, wallahi ba dai inda nake sa zoɓon sayarwa ba." Sai kula na saya da ƙanƙara. Yara suka yi ta zagayen kular nan suna zaton lemo na ɓoye.

Watan Afrilu ne, Kano tana tafasa. Ashe in gumi ya kwashe ruwan jiki, ƙwaƙwalwa takan aika wa ƙoda wani sinadari cewa ta riƙe ruwa, sai abin ya fito kaɗan, kalarsa ta yi duhu. Nawa dai ya fito jajaja. Ga shi ana tsakiyar wahalar mai, layi a kowane gidan mai.

Da safe babu adaidaita sahu, na kama tafiya a ƙafa, jarka cikin jakar bakko. Ban yi nisa ba hannun jakar ya tsinke, na rungumi kayana a fili. Sai ga wani yana turo babur, gumi sharkaf.

"Alhaji, nawa lita?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"Haba Alhaji, kowa haka yake cewa. Faɗi kuɗinka."

Kafin in yi magana wani mai mota ya taka birki ya ce zai saye duka. Yaran bumburutu kuma suka taso daga tsallake, wai Baba nan wurinmu ne, ka matsa gaba. Mai babur ya ga za a riga shi, ya cafke jarka, ni ma na cafke. Shi yana ja don ya samu mai, ni ina ja don ɗigo ɗaya in ya zube sai na sake kwana da kula. Ya fi ni ƙarfi. Ya murɗe murfi, ya kai hanci, ya shaƙa son ransa.

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ɗaga murya: "Jama'a, gurɓatacce ne! Irinsu ne ke kashe mana inji!"

Takardar asibiti ce ta cece ni. Wani ɗan makaranta ya karanta ta da ƙarfi, har da fassara, yadda na bayan layi ma suka ji. Mai babur ya mayar da murfi da kansa, ya ɗaure tamau, ya ce Allah Ya ba ni lafiya, ya tafi neman ruwan wanke hannu.

Sakamako ya fito, ƙoda lafiya lau. Likita ya ce a zafin nan in riƙa shan ruwa, kuma bayan wata shida za mu maimaita. Na ce, "Likita, Allah Ya sa lokacin an samu mai a gari."