Kafin a taɓa jijiyar zuciyar Baba, a auna masa siga

'Yan'uwana matasan Zazzau, ku ne masu riƙe katin asibiti da kai iyaye asibitin koyarwa na Shika. In likita ya ce jijiyar zuciyar Baba ta toshe, za a zura mata ƙarfen buɗawa ko a yi tiyata, don Allah kada ku yi saurin cewa "ai ba ya da siga". Wa ya auna? Ciwon nan yakan yi shekaru yana cin jijiyoyi ba ƙishirwa ba yawan fitsari. A wani bincike da aka yi a Suwidin a 2002, cikin waɗanda bugun zuciya ya kwantar, kuma ba a san su da siga ba, kusan biyu cikin uku sigarsu ba daidai take ba.

Tsinken yatsa bayan an sha shayi da burodi ba ya yanke hukunci. A kwana ba ci na awa 8, ruwa kawai, sannan a ɗebi jini. A ma'aunin mmol/L, daga 7.0 zuwa sama ciwo ne, amma sai an maimaita, 5.6 zuwa 6.9 yana bakin ƙofa. Sai HbA1c, mai nuna sigar wata uku: daga 6.5% zuwa sama ciwo, 5.7% zuwa 6.4% gargaɗi. A kula, mai sikila ko ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, wannan awon yana iya yi masa ƙarya. Wanda ya fi kama ɓoyayyen shi ne a sha gulukos giram 75, a auna bayan awa 2: daga 11.1 zuwa sama ciwo ne, 7.8 zuwa 11.0 gargaɗi. A ranar da zuciya ta buga siga takan hau don firgicin jiki, saboda haka a sake awo bayan ya farfaɗo.

Abin da ya sa nake matsa muku: mai siga ya fi saurin sake toshe ƙarfen da aka sa, ɗinkin ƙirjinsa yakan yi ruwa ya ƙi warkewa, ruwan hoton da ake ɗura wa jijiya kuma yana wahalar da ƙoda, don haka a auna ƙodar ma. In jijiyoyi da yawa ne suka toshe, sanin akwai siga kan sa likita ya fifita tiyata a kan ƙarfe.

Ku riƙe takardar sakamakon a hannu, ku miƙa wa likitan zuciya da kanku. Lemon kwalba da kunun zaƙin da 'yan dubiya ke jerawa a gefen gado kuwa, ku kwashe su cikin ladabi.