Cocin Abinger da Sunayen da Ba Mu Rubuta Ba

Jama'a, yau a kan wani tsohon coci na ƙauye a Ingila nake son yin magana. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Ku yi haƙuri ku karanta, domin akwai igiyar da ta ɗaure ƙauyen nan da Kano da Sakkwato.

Sunan ƙauyen Abinger, yana cikin gundumar Surrey, kudu maso yamma da Landan, kusa da garin Dorking. Cocinsu kuwa St James ake ce masa. Lokacin da Sarki William ya sa aka ƙidaya dukiyar Ingila a 1086, aka rubuta gonaki da garemani da injinan niƙa gari bayan gari, an rubuta cewa akwai coci a Abinger. Ke nan yau sama da shekara 900 ana ibada a wurin. Babban zauren da jama'a ke zama shi ne mafi tsufa, ginin zamanin Normawa ne, wato mutanen Sarki William da suka ci Ingila da yaƙi, bango mai kauri da 'yan tagogi matsattsu, irin waɗanda ke shigo da haske kaɗan su hana sanyi. A ƙarni na 13 aka ƙara ɓangaren gabas inda limamin coci ke tsayawa. Kamar gidan gandu ne, kowane zamani ya zo ya ƙara nasa ɗaki, bai rushe na iyaye ba. A waje ma har yanzu turun da ake saka masu laifi yana nan. Ba abin alfahari ba ne, amma ba su faskare shi sun yi makamashi da shi ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne sau biyu ginin nan yana gamuwa da masifa cikin shekara 20. Ranar 3 ga Agusta 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ɗaya daga cikin bama-baman Jamus masu tashi da kansu, waɗanda ake kira V1, ya faɗo ya ragargaza shi. Suka tattara abin da ya rage, wani magini mai suna Frederick Etchells ya jagoranci aikin, aka mayar da shi bisa tsohon fasalinsa wajen 1950. A 1964 kuma tsawa ta faɗa masa, gobara ta tashi. Suka sake gyarawa. Ƙauye ne fa, ba birni ba. Ba su ce tunda ya rushe bari mu share wurin mu kafa sabo mai tayil da gilashi ba.

Kusa da cocin akwai gicciyen dutse da aka kafa a 1920 don tunawa da 'ya'yan ƙauyen da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918. Edwin Lutyens ne ya zana shi, mutumin da ya zana manyan gine-ginen gwamnati na New Delhi. Bam ɗin 1944 ya taɓa shi, shi ma aka gyara. Kusan kowane ƙauye a Ingila yana da irinsa, da sunaye a jere, ɗan manomi kusa da ɗan mai gona. Tun 1538 ma aka wajabta wa kowane coci ya ajiye littafin da zai riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Shi ya sa Bature talaka yake iya bin sawun kakanninsa zuriya goma.

To ga inda maganar ta iso ƙofar gidanmu. A wannan ƙauye Frederick Lugard, gwamnan Turawan mulkin mallaka da ya ci ƙasar Arewa da yaƙi, ya ƙare rayuwarsa, a wani gida da ake kira Little Parkhurst. Da aka ba shi sarautar Lord a 1928, da sunan Abinger aka haɗa ta. A nan matarsa Flora Shaw ta rasu a 1929, ita ce wadda ta ba da shawarar sunan Nijeriya a jaridar Times a 1897. Lokacin da bam ya faɗa wa cocin yana raye, tsoho ɗan shekara 86. Ya mutu a watan Afrilu 1945, cocin ƙauyensa na kango. Yau akwai allon tunawa da shi a cikin cocin, kuma an rubuta maganarsa a kai, wadda ma'anarta ita ce shi dai abin da ya yi kawai ƙoƙarin jera tubalansa daidai.

Na daɗe ina juya wannan magana ta tubali a raina. Mai ziyara zai karanta ya ga dattijo mai tawali'u. Ni kuwa in na ji ta, ranar 3 ga Fabrairu 1903 nake tunawa, ranar da sojojinsa suka fasa ganuwar Kano. Ina tuna Waziri Ahmadu da ya faɗi a Kwatarkwashi, da Sarki Alu da aka kai Lakwaja ya rasu a can. Ina tuna Sakkwato a watan Maris na wannan shekara, da Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanen da suka bi shi hijira. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas, ɗansa Mai Wurno ya kai su har bakin kogin Nilu a Sudan, garin da suka kafa har yau sunansa yake ɗauke da shi. Sai Satiru a 1906, garin da aka shafe daga doron ƙasa, aka hana a sake zama a cikinsa. Duk wannan babu ko harafi ɗaya a jikin allon Abinger.

Ban ga laifin mutanen ƙauyen ba. Maƙwabcinsu ne, sun rubuta abin da suka sani game da shi. Kowa ya ga wata a tsakar gidansu yake ganinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne namu ɓangaren. Turawan da suka mutu a Burmi an san su, sunan Manjo Marsh yana cikin littattafai. Namu fa? In ka cire Sarkin Musulmi da 'yan manyan da ke tare da shi, sauran sun zama adadi. Malamai ne, maƙera ne, mata ne da goyo, kowannensu an raɗa masa suna ranar bakwai. A Kaduna muna da Lugard Hall, har gadarsa ta ƙarfe an ɗauko daga Zungeru an kafa. Amma ɗalibin sakandare nawa ne a Arewa zai iya nuna maka inda Burmi take, alhali ga ta nan kusa da Bajoga a jihar Gwambe?

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, cewa addininmu bai yarda da gini a kan kabari ko kafa gumaka ba. Na yarda, ni ma ba shi nake nema ba. Rubuta suna daban, gina kabari daban. Mu ne fa al'ummar da ta kiyaye sunayen mutanen Badar ɗaya bayan ɗaya, muka rubuta tarihin masu ruwayar hadisi dubbai, wane ɗan wane, ya ji daga wane. Wannan gado namu ne tun kafin a aza tubalin farko a Abinger.

Ginin ma haka. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da bakan gizonsa na ƙasa da azara, masana gini na duniya suna zuwa kallonsa. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina. A Wusasa akwai cocin St Bartholomew na 1929, da aka gina da ƙasa bisa salon maginan Hausa, wanda duk Bahaushe, Musulmi ko Kirista, ya kamata ya ji nasa ne. Amma ku dubi ganuwar Kano, yadda ake yankar ta ana kafa shaguna. Ba bam ya faɗa mata ba, ba tsawa ba. Masallatan unguwa nawa aka rushe, masu shekara ɗari da ɗoriya, don wani mai hali ya kawo siminti, ba a ko ɗauki hotonsu ba?

Ina roƙon duk wanda ya fito daga Bajoga ko Ashaka ko ƙauyukan da ke kewaye, da 'yan uwanmu na Mai Wurno, da zuriyar mutanen Satiru a duk inda suka watsu: in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ke riƙe da sunan wani kaka da ya faɗi a waɗannan wurare, ku zauna da shi cikin makon nan. Ku tambayi sunan, da sunan mahaifinsa, da garin da ya baro, da sana'arsa. Ku rubuta ku turo mini, na buɗe littafi don wannan.